Hannun da Ke Kan Kafaɗata

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wannan sabon littafi ne. Tsohon ya bi ruwa, shi da littafin kimiyyata da takalmin makaranta ƙafa ɗaya. Yau kwana biyar ke nan. Ruwan ya janye, ya bar mana layi a jikin bango daidai gwiwata, da wari irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti.

Ba zan rubuta abin da ya faru a ƙofar gida washegarin ruwan ba. Duk 'yan layinmu sun gani, ba sai na rubuta ba. Abin da zan rubuta kawai shi ne tun ranar Yaya ba ya gidan nan, kuma babu mai kama sunansa. Mama takan ɗauko farantinsa tare da namu, ta tsaya, ta mayar.

Sai yau aka tuna da akwatin hotuna da ke ƙarƙashin gadon marigayiya Kaka. Da aka buɗe, hotunan sun manne sun zama curi guda, funfuna ta yi musu gashi, fari da kore. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo taya mu gyaran gida, ta ce ai wannan ba aiki ba ne. Ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta baza a rana. Suka nannaɗe kamar busasshen ganye. Sai ta ɗauko dutsen guga. Dutsen guga!

Na ce, "Gwaggo, anya kuwa?"

Ta ce, "Iye, Shiru-shiru, yau baki ya buɗe? Tun ubanki yana rarrafe nake guga."

Hoton farko da ta ɗora wa na Mama ne tana budurwa. Rabin fuskar Mama yana nan manne a ƙarƙashin dutsen guga har yanzu. Gwaggo ta ce dama hoton ya riga ya lalace.

Bai riga ya lalace ba. Ina wurin.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai saura na safe

Baba ya kira ni falo ina ɗaura takalmin aro. Babban hoton nan mai firam yana jingine a gabansa. An sauke shi ne don a yi wa falo fenti, aka bar shi a ƙasa, ruwa ya shiga tsakaninsa da gilashi. Shi kaɗai ne hoton da muke duka a ciki. Kaka a zaune a tsakiya, shekara guda kafin rasuwarta. Baba da Mama a gefe da gefenta. Ni a tsaye ina 'yar shekara tara, na zaro ido kamar an tsorata ni. Yaya a bayana, hannunsa a kan kafaɗata.

Baba ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, saboda sunan Kaka aka sa mini. "In kin taso makaranta ki kai wa Mai Hoto wannan, ki ce ta gyara." Ya kalli fanka. "Kuma ki ce ta cire na bayan nan."

Na bayan nan. Kamar wani mai wucewa ne ya faɗo cikin hoton.

Na ce, "To."

Duk abin da na iya faɗa ke nan. To. Ina tsanar kalmar nan.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jiya na je. Shagon Mai Hoto ɗan siriri ne, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. Mace ce mai jiki, tabarau rataye a wuyanta da zare. Yaran makarantarmu suna kiranta Kar-a-ƙifta, don da haka take daka wa mutum tsawa in za ta ɗauki hoto. Tun kafin na gama gaishe ta ta shaƙi warin, ta miƙo mini takunkumi.

Na nuna mata na Mama wanda aka goge. Ta daɗe tana juya shi. Ta ce, "'Yan mata, wanda ya yi wannan, kada a sake a ba shi riƙon jariri."

Na yi dariya, abin da ban yi ba tun ranar.

Ta ce in rubuta, na rubuta a bayan littafin lissafi. Ba a shanya hoto a rana. Ba a goge shi da tsumma. Ba a ɓamɓare waɗanda suka manne. A sake tsoma su a ruwa mai tsabta, mai sanyi, a bar su su saki juna da kansu, ko da zai ɗauki awa guda. A riƙe ta gefe. A shimfiɗa a kan farin ƙyalle a inuwa, fuska sama. Funfuna kuma ba a taɓa ta tana jiƙe, sai ta bushe, a kaɗe ta da buroshi mai laushi, a waje, ba a cikin ɗaki ba.

Babban kuwa ta ce ya manne da gilashi a wuri biyu. Za ta fara kwafe shi zuwa kwamfuta yadda yake, da gilashin da komai, kafin ta gwada raba su. Ta ɗaga shi sama, ta duba a hasken ƙofa. Funfuna ta ci zanen Kaka daga ƙasa, ta ci takalman Baba, ta hau gefen mayafin Mama. Fuskar Yaya kuwa fes, ko ɗigo babu.

Ta ce, "Wannan saurayin ruwa ya ji kunyarsa. Akwai wani saƙo kuma?"

Na ce babu.

Ban taɓa riƙe saƙon Baba ba tun da aka haife ni. Amma ruwan kwata ma, mai ɗauke da ƙazantar unguwa guda, ya zo ya ga fuskar nan ya kauce. Mu ne za mu yi abin da ruwa bai yi ba?

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi, a aji

Na gaishe da matar Tela maƙwabcinmu da safe. Ba ta amsa ba. Kekunan ɗinkinsu uku suna waje, sun yi tsatsa, bangonsu kuma yana nan a zube. Ban ga laifinta ba, ta gefen gidanmu ruwan ya afka musu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ni da Mama muka yi aikin tun safe, a rumfar bayan kicin. Robobi uku, farin zanen gado, fanka. Abin mamaki ne: hotuna biyu da suka rungume juna tamau, sai ka ga gefensu ya fara buɗewa a hankali cikin ruwa, ba wanda ya tilasta musu. Wasu ba su tsira ba. Launinsu ya narke ya bi ruwan, ya bar farar takarda mai santsi. Ashirin da shida dai sun fita.

Mama ta tsaya a kan wani. Yaya ne yana ɗan shekara shida, hannunsa naɗe da bandeji, yana dariya da giɓi. Ta ce ranar Baba ne ya rufe ƙofar gida da ƙarfi, bai san hannun yaron yana jikin ƙofar ba. Ta ce ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga asibiti ba takalmi, kuma kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ƙaramin yatsan bai sake miƙewa ba. Na san yatsan a karkace yake, mun sha tsokanarsa da shi. Ban san Baba ne ba.

Na ce, "Mama, ai abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne. Tun ana haƙa tushen sabon ɗakin nan na Baba yake cewa a kan kwata yake, zai toshe wa ruwa hanya."

Ta ce, "Ki riƙe ta gefe, kina sa yatsa a fuska."

Ba na sa yatsa a fuska.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rubutun yau ba zai yi kyau ba.

Mama ta aike ni. Na dawo na tarar da Gwaggo zaune a rumfa da almakashi. Hotunan da muka yi wuni guda muna ceto. Guda tara da Yaya yake ciki, duk ta yanke shi. Har mai bandejin. Guntayen kuma ta zuba a kwata, ita kwatar dai.

Ta ce, "Wurin da funfuna ta ci ne na rage."

Funfuna ba ta cin abu a miƙe kamar an ja layi da rula. Funfuna ba ta zaɓen mutum ɗaya a cikin hoto tara.

Ta ce, "Ɗan da zai tsaya a gaban baƙi daga hukuma masu takarda da biro, ya nuna ubansa da yatsa, me za a yi da hotonsa? Ko ke ma kina da abin cewa?"

Bai nuna kowa da yatsa ba. Tambayarsa aka yi, ya amsa. Ina da abin cewa, cike da bakina. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Saura babban ke nan.

Litinin, 10 ga wata, da safe

An zo an shafa jan fenti a jikin sabon ɗakin, alamar rushewa. Baba ya fita ta gabansa bai kalla ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Na ga Yaya! Yana tsaye a tsallaken titi da aka tashe mu, sanye da rigar wani, ta yi masa yawa.

Ya ce, "Sakatariya, me aka rubuta a kaina?" Shi kaɗai ya san ina rubutu.

Na ce an rubuta ya rame. Ya ce ƙarya ne, rigar ce. Yana kwana a ɗakin abokinsa a bayan garejin gyaran motoci, ya kwatanta mini wurin. Ya tambayi Mama. Ya tambayi ko rufin kicin yana yoyo har yanzu. Muka yi tafiya har kwanar gidan ruwa, sannan ya ce, "Yana shan maganinsa kuwa?"

Na ce, "Wa?" Da gangan na yi. Na gaji da mutanen da ba sa kiran sunan juna.

Ya ce, "Ke dai kin sani."

Ban gaya masa maganar almakashi ba. Ban gaya masa maganar na bayan nan ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baba ya tambaye ni ko na isar da saƙon duka. Na kasa yi masa ƙarya. Na ce rabi na faɗa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Ke ma, Uwata?" Ya ce gobe in je in cika.

Na ce, "To."

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Mai Hoto sauran saƙon. Sai da ta ce in ɗaga murya sau biyu.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Rabin aikina ke nan. Ana kawo mini hoto a ce ruwa ya ɓata, ashe mutane ne suka ɓata." Ta jawo mini kujera gaban kwamfuta. Ta riga ta raba hoton da gilashin. Ya fita lafiya, sai ɗan wuri kaɗan wajen kafaɗata da ya bi gilashin. Ta mayar wa Kaka zanenta, zare bayan zare, tana kwafo zanen daga inda bai lalace ba. Kwana huɗu ta yi a kai.

Ta ce, "Cire shi ba wuya. Labule ne a bayansa, zan ja labulen ya rufe wurin. Hoton na babanki ne, shi ya aiko, zan yi masa. Amma dubi nan." Ta ƙara girman wurin har hannun Yaya ya cika fuskar kwamfutar. "In zan cire hannun nan, sai na ƙera miki sabuwar kafaɗa. Ni kuma ba na taɓa jikin mutum a hoto sai mai jikin ya yarda. Haka nake aikina tun kafin kwamfuta. Na baya dai an aiko a cire shi. Kafaɗa taki ce. Me kika ce?"

Ban taɓa jin an ce wani abu nawa ne a maganar nan ba. Na zauna ina jin ƙarar fanka. Mai gyaran waya yana ta musu da wani a kan batir. Bakina ya shirya zai ce to.

Na ce, "A bar mini kafaɗata yadda take."

Ta ce, "Kin san abin da zai fito? Yarinya da hannun da ba shi da mai shi."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ashe dai kina magana."

Lahadi, 16 ga wata

Ban ci abincin rana ba. Gwaggo ta ce iyayi ne.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Leburori uku sun zo da guduma. Ba masu takarda ne suka turo su ba, Baba ne ya kira su. Kafin la'asar sabon ɗakin ya zama tarin bulo, kwatar ta fito fili, baƙa ƙirin, cike da leda. Tela ya leƙo ta inda bangonsa yake a da, ya ce, "Sannu da aiki, maƙwabci." Baba ya ce, "Yawwa."

Wato an yarda ɗakin a kan kwata yake. An yarda da guduma. Da baki ne ba za a yarda ba. Wanda ya fara faɗa kuma yana can yana kwana a bayan gareji cikin rigar aro. A makaranta ana koya mana cewa in amsa daidai ce, daidai ce, ko wa ya ba da ita. A gidanmu ban san wane darasi ake bi ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na karɓo hoton. Na rungumo shi a ƙirji naɗe da takarda.

Ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kaka kamar za ta yi magana. A bayana labule ne kawai, shuɗi, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. A kan kafaɗata kuma hannu.

Kowa yana falo. Baba ya buɗe takardar. Gwaggo ce ta fara gani. Ta ce, "La ilaha! Hannun aljani aka bar wa yarinya? Wannan mata ba ta san aikinta ba."

Na ce, "Ni na ce a bari." Muryata ta fito 'yar ƙarama, amma ta fito. "Kafaɗata ce."

Mama ta sunkuyar da kai. Na jira. Na riga na shirya wa tsawa, har na zaɓi inda zan kalla a ƙasa.

Baba ya sa tabarau. Ya matsa kusa da taga. Ya daɗe yana dubawa, har Gwaggo ta gaji da surutu. Sannan ya ce, "Wa ya miƙar masa da yatsa?"

Ban gane ba. Ya juyo da hoton, yana nuna wurin da farcensa. Ƙaramin yatsan a miƙe yake sak, kyakkyawa, kamar na kowa. Daidai wurin ne ya bi gilashi, Mai Hoto ta cike shi yadda ta san yatsu suke.

Baba ya ce, "Wannan ba hannunsa ba ne. Nasa a karkace yake, daga gaɓa ta biyu, ya kauce waje. Wane irin gyara ne wannan? A mayar mata."

Ni fa na zauna gaban hannun nan ya cika kwamfuta. Na ɗauko shi tun daga shago ina leƙawa. Sati uku ina ganin ni kaɗai ce na damu a gidan nan. Ban gani ba. Shi da ya ce a cire, kallo ɗaya ya yi.

Ban san da wa nake fushi yanzu ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai Hoto ta ce ba ta zana yatsa da labari. A kwafin farko ma wurin tabo ne kawai. Ko a kawo wani hoton da hannun ya fito, ko mai hannun ya zo ta ɗauka.

Na faɗa wa Baba a gaban Gwaggo. Na ce wani hoton dai babu, duk funfuna ta cinye. Na kalli Gwaggo da na ce funfuna. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Baba yana ta jujjuya kwalbar maganinsa. Ya ce, "To ya je ya nuna mata mana."

Na ce, "Wa zai gaya masa?"

Ya ce, "Ke ba kin san inda yake ba? Kina tsammani ban san wanda ke rako ki kwanar gidan ruwa ba?"

Na tattaro duk abin da ya rage mini na ƙarfin hali. Na ce, "Baba, in ta gyara yatsan, labulen fa?"

Ya harare ni ta saman tabarau. Ya ce, "Uwata, kin taɓa ganin hannu yana yawo shi kaɗai?"

Gwaggo ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Mai Hoto ta ce kwafin farko yana nan, ba ta taɓa zubar da na farko. Ƙarfe huɗu za mu haɗu a shagon, ni da Yaya da yatsansa.

Ba wanda ya ce ya yi kuskure. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Hotuna tara suna nan da rami a jikinsu, fuskar Mama tana nan a ƙarƙashin dutsen guga, kuma har yanzu ba a kama sunansa ba. Ina jin haushi, kuma ina so a san ina jin haushi.

Mama ta ba ni rigarsa mai layi-layi a leda, ta ce in ce masa ya cire ta aron nan kafin ya shigo layinmu.